Kwas ɗin sayen kayan tsaro da tafiyar da ayyuka: ra'ayin ma'aikacin sito daga ƙasar Gumel

Abokan aiki da dama sun tambaye ni ko kwas ɗin nan ya cancanci kuɗinsa, wasu ta waya, wasu a gindin darbejiyar sakatariya bayan an tashi aiki. Amsata ita ce ya cancanta, amma ba ga kowa ba, kuma akwai gyare-gyaren da masu shirya shi ya kamata su yi kafin su sake karɓar kuɗin mutanen karkara. Ba zan kama sunan kamfanin ba, waɗanda suka tambaye ni sun san shi. Kamfanin horaswa ne mai zaman kansa, wasu tsofaffin hafsoshin soja da suka yi aiki a ɓangaren samar da kayan aiki suka kafa shi bayan sun ajiye kaki.

Ni ma'aikacin ƙaramar hukuma ne a ƙasar Gumel, can wajen iyakar Nijar, ina sashen sito a mataki na 10. Gidana yana ƙauye, da babur nake shiga aiki. Duk abin da aka saya da sunan tsaro ta hannuna yake bi kafin ya fita: baburan 'yan sintiri, tocila, takalman ruwa, oba-oba, tayoyi da batirin motar sintiri. Ni ke shigar da su littafi, ni ke fitar da su, kuma idan sun lalace wurina ake dawo da su. Bayan sitonmu akwai wani fili inda ake jingine abin da ya mutu, kuma yawancin abin da ke wurin bai kai shekarun da ya kamata ya yi yana aiki ba. Wannan fili ne ya sa da na ga sanarwar kwas ɗin ban tsaya tunanin cewa na sojoji ne ba.

An tsara shi ne don ma'aikata na tsakiya, wato waɗanda suka wuce ƙananan matakai amma ba su kai masu sa hannu ba. A ajinmu akwai kyaftin-kyaftin da manjo-manjo, akwai farar hula masu aiki a hukumomin tsaro, akwai 'yan sanda, da sibil difens, da kwastan, sai mu 'yan tsiraru daga jihohi da ƙananan hukumomi. Na ga hikimar wannan zaɓi tun daren farko. Babban da ke sa hannu ba shi ke rubuta takardar ba. Mu ke rubuta ta, mu ke ƙididdige kuɗin, mu ke jera sharuɗɗan, shi kuwa ya karanta shafin farko da na ƙarshe. Idan mai rubutun bai san abin da yake yi ba, sa hannun babba ba zai gyara komai ba.

Kimanin wata uku ake yi, ta Zoom, dare biyu a mako bayan sallar isha, da safiyar Asabar. Kuɗinsa ya kusa albashina na wata biyu, ban da kuɗin data da na zuwa Kano rubuta jarrabawa. Sun yarda a biya sau biyu, kuma wannan ya taimake ni ƙwarai, domin rabin na biyu sai da na sayar da riɗi na cika shi.

Darasin da ya fi shiga raina shi ne na farko, na rubuta buƙata. Wani Kanar mai ritaya ne ya koyar da shi, dattijo mai magana a hankali, wanda ba ya barin tambaya ta wuce sai ya ga an gane. Ya ce kowa ya rubuta abu ɗaya da wurin aikinsa ke buƙata. Na rubuta motar Hilux. Da ya zo kaina sai ya ce, "Malam, wannan sunan kaya ne. Me kuke son ku iya yi wanda yanzu ba ku iyawa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, muna son idan an kira daga rugar da ke bakin iyaka cewa an kora shanu, mutanenmu su isa kafin a tsallaka da su." Ya ce to wannan ita ce buƙatar, kuma daga ita ake tambayar sauran: hanyar wace iri ce, da rani yaya take, da damina yaya take, mutum nawa za su je, wa zai tuƙa, ina mai gyara, ina gidan mai mafi kusa. Da aka bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya sai ta bayyana cewa yawancin hanyoyin namu burtali ne da rairayi, inda babur ke shiga mota ba ta shiga, kuma abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya ma ba abin hawa ba ne, jinkirin isar labari ne, domin a wasu rugagen babu sabis sai mutum ya yi tafiya. Na daɗe a aikin nan, amma ban taɓa ganin takardar neman kaya da ta fara da bayanin matsala ba. Kullum da sunan kayan take farawa, wani lokaci har da sunan wanda zai kawo.

Daga nan aka shiga lissafin kuɗin kaya tun daga ranar sayensa har ranar da za a yar da shi. Nan ne zuciyar kwas ɗin, kuma ko da wannan kaɗai suka koyar da ban yi asara ba. Ofishin binciken kuɗi na gwamnatin Amurka ya sha bayyana cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan makami a tsawon rayuwarsa yana tafiya ne wajen aiki da shi da kula da shi, ba wajen saye ba. Sun kawo misalin jirgin yaƙi na F-35, wanda a rahoton 2024 aka ƙiyasta cewa shirin gaba ɗaya zai ci sama da dala tiriliyan 2, kuma kusan tiriliyan 1.6 daga ciki na kula da jiragen ne. Mutumin Gumel ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin duk wanda ya taɓa ɗaure doki ya san ranar saye ce mafi sauƙi, harawa da dusa da kanwa su ne kullum. Abin da kwas ɗin ya ƙara mini shi ne yadda ake zuba wannan sani a takarda, layi-layi, shekara-shekara, ta yadda wanda zai sa hannu ba zai ce bai gani ba.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne jiragen yaƙi na Super Tucano. Mutane da yawa sun tuna ranar 22 ga Yulin 2021 da shida na farko suka sauka a Kano. Guda 12 Najeriya ta saya, a kan kuɗi kusan dala miliyan 500, kuma na sha jin ana raba kuɗin gida goma sha biyu a majalisa ana cewa an yi tsada. Malamar da ta ɗauki wannan darasi, wata Hajiya da ta yi aikin kwangilolin gwamnati shekaru masu yawa, ta buɗe mana cinikin ɓangare-ɓangare. Kamfanin Embraer na Brazil ne mai ƙirar jirgin, amma an haɗa na Najeriya a jihar Florida tare da kamfanin Sierra Nevada. Cikin kuɗin akwai makamai, da kayan gyara, da horar da matuƙa da makanikai a sansanin Moody da ke jihar Jojiya, da gine-ginen da aka yi a sansanin Kainji don ajiye jiragen da kula da su. Ba ta ce a yaba cinikin ido rufe ba. Ta tuna mana rigimar da aka yi a 2018 lokacin da aka fitar da dala miliyan 496 daga asusun rarar man fetur kafin majalisa ta amince, ta ce ciniki yana iya zama mai kyau a tsari amma hanyar biyansa ta zama abin tuhuma, kuma aikin ma'aikaci ne ya iya raba biyun. Na ji daɗin yadda ta yi maganar nan ba tare da ta kare wani ko ta ci mutuncin wani ba.

Akwai kuma darasin auna tafiyar aiki, wanda da farko na ɗauka na injiniyoyi ne. Ga yadda aka kawo shi a aji. A ce an ba da kwangilar gina ofishin 'yan sanda a kan naira miliyan 20, za a gama cikin wata goma. A ƙarshen wata na biyar, bisa jadawali, ya kamata a ce an yi aikin miliyan 10. An duba littafi, an kashe miliyan 12. Aka je wurin aka auna abin da ke tsaye a ƙasa, aka ga na miliyan 8 ne. Idan ka raba 8 da 12 za ka ga kowace naira da aka kashe ta haifi aikin kwabo 67 ne kacal, kuma idan aka ci gaba a haka ginin zai ƙare a wajen miliyan 30. Idan ka raba 8 da 10 kuma za ka ga an yi kashi 80 ne cikin 100 na abin da ya kamata a ce an yi. Lissafi ne da ɗan firamare zai iya, amma yana hana a ruɗe ka. A wajenmu idan aka tambayi ina aka kwana a aiki, sai a ce an biya kashi sittin, kamar biya shi ne gini. Tun da na koyi wannan nake roƙon injiniyanmu ya riƙa ba ni adadi uku, ba ɗaya ba, kuma Allah Ya saka masa da alheri, bai ɗauki abin a matsayin shisshigi ba.

Ɓangaren doka bai kai waɗannan armashi ba, amma ya zama dole. An bi dokar sayen kayan gwamnati ta 2007, wadda marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa wa hannu, wadda ta kafa BPP, hukumar da ke sa ido kan sayen kayan gwamnatin tarayya. An yi bayanin tallata kwangila, da buɗe takardun masu nema a bainar jama'a, da cewa ba mafi araha kawai ake ba wa ba, sai mafi araha daga cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa. Araha ba ta ado, kuma tocilan da ke cikin kwali a sitonmu shaida ne. An yi maganar kuɗin kafin alƙalami, wanda dokar ta tsayar a kashi 15 cikin 100 kafin gyaran 2020 ya ɗaga shi zuwa 30 ga 'yan kwangila na gida, kuma ba a bayar da shi sai da takardar lamuni daga banki ko kamfanin inshora. Na kuma samu sanin cewa kaya irin su rigar sulke da jirgi marar matuƙi ba a shigo da su ƙasar nan sai da takardar shaidar mai amfani daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin yanzu 'yan kwangila na yawo da hotunan irin waɗannan kaya a waya suna nuna wa shugabanni.

Inda ajin ya yi zafi shi ne sashe na 15 na dokar, wanda ya cire kayan da suka shafi tsaron ƙasa daga ƙarƙashinta sai idan shugaban ƙasa ya ba da izini. Sojojin ajin sun ce dole ne, ba a tallata abin da abokin gaba zai karanta. Farar hula suka ce ta wannan ƙofa ɓarna ke shiga. Aka kawo batun dala miliyan 9.3 da aka kama a cikin jirgi a Afirka ta Kudu a Satumban 2014, tsabar kuɗi, da aka ce na sayen makamai ne. Aka kawo kwamitin da gwamnatin Buhari ta kafa a 2015 don binciken sayen makamai tun daga 2007, da zargin dala biliyan 2.1 da aka yi wa Kanar Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, wanda ya musanta. Wani manjo da ya yi aiki a arewa maso gabas ya yi magana a daren nan, muryarsa na rawa, a kan abin da ke faruwa da yaran da ke bakin daga idan abin da takarda ta ce an kawo bai iso ba. Babu wanda ya katse shi. Kanar ɗinmu ya rufe zaman da cewa sirri na iya hana a tallata kwangila a jarida, amma ba ya hana a rubuta buƙata, ba ya hana a kwatanta farashi, ba ya hana a ƙirga kaya ranar da aka kawo su. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari. A matakinmu ma kalmar tsaro ta kan rufe bakin mai tambaya, alhali babu wani sirri a farashin taya.

Aikin ƙarshe shi ne kowa ya rubuta cikakken tsarin sayen wani abu na gaske a wurin aikinsa. Na ɗauki baburan 'yan sintiri. Sharaɗin shi ne sai ka zauna da wanda zai yi amfani da kayan, don haka na je wurin kwamandan 'yan sintirin gundumarmu, dattijo ne, sa'an babana. Na same shi a zaure da yamma, muka gaisa, na ce, "Baba, in aka ce ka zaɓa, ƙarin babura ko me?" Bai yi jinkiri ba ya ce, "Ɗana, wanda ke hannunmu ma turawa muke yi. A ba mu mai." Ya kai ni bayan gida ya nuna mini babura a jingine, wani sarƙa ce ta tsinke, wani taya, wani kuwa rairayi ne ya cika matatar iska har injin ya fara shan baƙin mai. Babu ɗaya a cikinsu da gyaransa ya kai kashi ɗaya bisa goma na kuɗin sabo. Ya ce tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 yaran ke karo-karo daga aljihunsu kafin su fita, kuma ranar Alhamis, da ake cin kasuwar Maigatari, lokacin da hanya ta fi buƙatar sintiri saboda masu dawowa da kuɗin dabbobi, ita ce ranar da man ya fi ƙarewa da wuri.

Na bi makanikai a Gumel na tambayi farashin sarƙa, da birki, da taya, da juyen mai. Na gano dalilin da ya sa kowa ke son babur ƙirar Boxer: ba ƙauyen da za ka shiga ka rasa yaron da ya iya kwance shi, kuma kayansa na nan a kowace kasuwa. Wata ƙirar babur da aka taɓa kawo mana, mai kyan gani, sai an aika Kano kafin a samu ko da kebur ɗin kuloci, shi ya sa ita ta fi yawa a filin bayan sito. A tsarin da na rubuta na ba da shawarar idan akwai kuɗin babur talatin a sayi ashirin, sauran a ware su a rubuce don mai da gyara, a ɗaura wa makaniki ɗaya alhakin dubawa duk wata, kowane babur da katinsa. Na saka layin canjin farashi, domin wanda ya yi kasafi a farkon 2023 da dala a wajen naira 460 ya ga yadda ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma kusan duk kayan babur daga waje suke zuwa. Kanar ya mayar mini da takardar cike da jan biro, har da tambayar wa zai mallaki babur ɗin idan ɗan sintiri ya bar aiki, da abin da za a yi da tsofaffin. Ya karanta kowane shafi. Wannan kulawa ita ce abin da na fi yaba wa kamfanin, domin na san kwasa-kwasan da ake karɓar aikinka a ajiye ba a buɗe ba. Takardar tana gaban kwamitin tsaro na ƙaramar hukumarmu yanzu.

To sai abin da bai yi mini ba, kuma yana da yawa.

Kusan rabin takardun darasin daga tsarin Amurka aka kwaso su. Na fahimci dalili. Su ne suka yi doka tun 1990 cewa duk mai aikin sayen kayan soja sai ya samu horo da shaida, suka kafa jami'a sukutum don haka a Fort Belvoir da ke jihar Bajiniya, kuma littattafansu suna nan a intanet. Amma an ɓata makonni ana koya mana ƙofofi uku da suke kira A, B da C, waɗanda sabon makami ke bi tun daga gwajin fasaha, zuwa ƙira, zuwa fara ƙerawa da yawa. Wannan tsari ne na ƙasar da ke ƙirƙiro jirgi daga farar takarda. Mu yawanci abin da wani ya riga ya ƙera muke saye, kuma matsalolinmu na canjin kuɗi ne, da dillalai, da kayan gyara da ke maƙalewa a tashar jirgin ruwa. Da an rage wannan an ba da lokacin ga abin da ake yi a gida. DICON, masana'antar ƙera kayan soja ta gwamnati, tana Kaduna tun 1964, an sake mata doka a 2023, ta fito da motar sulke ta Ezugwu a 2019. Sojan ruwa sun haɗa jirgin ruwan yaƙi mai suna NNS Andoni a Legas a 2012. Sojan sama sun ƙaddamar da Tsaigumi, jirgi marar matuƙi, a 2018. Duk waɗannan a zama ɗaya aka ambace su aka wuce, alhali a nan ne ɗalibi zai so ya ji yadda aka tsara aikin, me ya tafi daidai, me ya tsaya. Abu ɗaya daga Amurka da na ga ya dace a aro shi ne dokar Nunn-McCurdy ta 1982, wadda ta ce idan farashin makami ya haura abin da aka tsara da kashi 15 cikin 100 dole a sanar da majalisa, idan ya kai 25 kuma sai ministan tsaro ya kare aikin a rubuce, in ba haka ba a soke shi. Da muna da irin wannan iyaka ga bitar kuɗin kwangila, ko a matakin jiha, da an huta da abubuwa da yawa.

Na biyu, babu ko zama ɗaya a kan dokokin jihohi. Dokar 2007 ta tarayya ce. Mu a Jigawa da hukumar tantance kwangiloli da ke Dutse muke aiki, Kano ma da tata hukumar da tata dokar. Tun bayan hukuncin kotun ƙoli na 11 ga Yulin 2024 a kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi, nauyin da ke kan ma'aikacin ƙaramar hukuma ƙaruwa zai yi, kuma ga shi an karɓi kuɗinmu daidai da na kowa amma dokar da muke aiki da ita ba ta cikin manhaja. Na faɗa musu wannan a takardar jin ra'ayi.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna. Kwas ɗin yana koyarwa kamar ma'aikaci na da 'yancin bin ƙa'ida duk lokacin da ya ga dama. Wata baiwar Allah daga wata jiha ta tambaya, idan an kira ka an ce ga wanda za a ba wa, ka shirya takardu su dace, yaya za ka yi? Malamin da ke kan darasin a ranar ya ce a bi doka, ya wuce shafi na gaba. Wannan ba amsa ba ce ga mai mataki na 10 da ke da iyali, wanda takarda ɗaya ke iya mayar da shi wani lungu. Bayan an tashi ne wani tsohon akanta a cikinmu ya yi mana bayani a zauren WhatsApp: ka rubuta shawararka a fayil da kwanan wata, ka nemi a ba ka umarni a rubuce cikin ladabi, kada ka sa hannu a takardar karɓar kayan da ba ka ƙirga da idonka ba, ka ajiye kwafi. Wannan nasiha ta fi wasu darussa guda biyu amfani, kuma kamata ya yi ta zama darasi mai zaman kansa, wanda mutumin da ya taɓa shiga irin wannan hali zai koyar.

Sai maganar sabis. An shirya kwas ɗin da tunanin kowa na zaune a Abuja ko Kaduna. A ƙauyenmu waya kan tsallaka ta kama layin Nijar ba ka sani ba, kuɗinka ya tafi. Bidiyo ba ya tsayawa, ga caji sai an kai shagon mai sola. Yawancin darare a bakin titi nake zama, kusa da mai shayi, inda sabis ya fi ƙarfi, da abin ji a kunne. Ni namiji ne, zan iya. Wata abokiyar karatunmu daga wani ƙauye a Kano ta bar kwas ɗin a tsakiya, domin ba za ta fita titi da dare ba, kuma ba a mayar mata da ko sisi ba. Bayan mun yi ta roƙo sun fara turo muryar darasin kaɗai ta WhatsApp, wadda ba ta cin data, kuma daga nan abin ya yi sauƙi. Da sun fara da haka da ba ta tafi ba. Harshen koyarwa Turanci ne, cike da gajerun haruffa da ko masu digiri sai sun tambaya. Kanar kan juya zuwa Hausa idan ya ga an yi shiru, sauran malaman ba sa yi.

Jarrabawa a Kano aka yi, a wani ɗakin taro, an tsara ta da kyau, tambayoyin kuma na aiki ne ba na hadda ba. Takardar shaida ta yi jinkirin fitowa fiye da yadda suka alkawarta, sai da aka yi ta kira.

Game da takardar, kada wanda ke neman ƙarin girma ya dogara da ita kafin ya tambaya. Shaidar halarta ce ta kamfani mai zaman kansa. Wanda burinsa takarda ce da za ta shiga fayil, gara ya duba cibiyoyin horaswa na shirin SPESSE da Bankin Duniya ya tallafa aka kafa a jami'o'i shida, biyu daga ciki a kusa da mu, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da ta Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauci, inda ake yin gajerun kwasa-kwasai har zuwa digiri na biyu a fannin sayen kayan gwamnati. Wannan na kamfanin ya fi dacewa da wanda kayan tsaro ke bi ta hannunsa a yau, ma'aikacin sito, ko akanta, ko injiniya, ko jami'in da ke rubuta wa kwamitin tsaro takarda, kuma yake son ya iya kare abin da ya rubuta.

Wanda zai shiga, kafin ya biya ya tambaye su abu uku: ko za a turo muryar darasi tun makon farko, ko sun saka dokar jiharsa a manhaja, da kuma wanda zai duba aikinsa na ƙarshe, domin ba duk malaman ne ke da haƙurin Kanar ba. Kuma kada ya tafi shi kaɗai. Na ga wahalar dawowa da sabon lissafi ofishin da babu wanda ya san shi sai kai. Akwai kason horaswa da ake warewa ƙarƙashin hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi, kuma roƙona ga shugabanninmu shi ne idan za a tura, a tura mutum biyu daga kowace sakatariya, na sito da na kuɗi, a zango ɗaya.